Ed Wood: Daraktan da aka ce ya fi kowa rashin iya fim, amma har yau ana kallonsa

A harkar fim, waɗanda ake tunawa bayan mutuwarsu galibi su ne waɗanda suka ci kyaututtuka ko suka tara dukiya. Edward D. Wood Jr., wanda aka fi sani da Ed Wood, bai samu ko ɗaya ba. Ya mutu a 1978 ba shi da ko ɗakin kansa, kuma shekara biyu bayan nan aka naɗa masa rawanin daraktan da ya fi kowa rashin iya aiki a tarihin fim. To sai dai wannan rawanin wulaƙancin shi ya tashe shi. Yau finafinansa suna nan ana sayarwa, ana haska su a gidajen silima, ana rubuta littattafai a kansu, alhali ɗimbin finafinan zamaninsa da aka kashe wa miliyoyi ko sunansu ba a ji.

Wanda yake son ya gane finafinan araha na Amurka, irin waɗanda ake yi cikin 'yan kwanaki don a kwashi kuɗin 'yan kallo da ban tsoro ko abin kunya, da kuma dalilin da ya sa wasunsu suke da masoya 'yan gani-kashe-ni, to ya dubi rayuwar wannan mutum.

Tasowarsa

An haife shi ranar 10 ga Oktoban 1924 a garin Poughkeepsie da ke jihar New York. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne, gidan nasu kuwa na masu rufin asiri. Tun yana yaro ba shi da abin so kamar finafinan kaboyi da na ban tsoro, da mujallun labarai masu araha. Yana da shekara 12 aka ba shi kyautar kyamarar ɗaukar fim ta Kodak, daga baya ya samu aikin zaunar da 'yan kallo a gidan silimar garinsu. Makarantar fim ɗinsa ke nan gaba ɗaya: duhun silima da kyamarar hannu.

A 1942, watanni kaɗan bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, ya shiga sojan ƙundunbalar ruwa na Amurka, ya fito a 1946 da igiyar kofur. Daga baya ya riƙa ba abokai labaran gumurzun da ya ce ya yi a fagen daga, waɗanda takardun aikinsa na soja ba su gaskata ba. Wannan hali na ƙawata labari bai taɓa rabuwa da shi ba. A 1947 ya tattara ya nufi Holiwud. Ya rubuta wasan daɓe da bai yi kasuwa ba, ya yi tallace-tallace na talabijin, ya fara wani fim ɗin kaboyi da bai iya kammalawa ba.

Kasuwar da ya tarar

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san irin kasuwar da Wood ya faɗa. Tun 1934 manyan kamfanonin fim na Amurka suke aiki a ƙarƙashin wata doka ta tace finafinai da suka gindaya wa kansu, wadda ta hana su taɓa batutuwa kamar shaye-shaye, karuwanci da sauran abubuwan da ake jin nauyin faɗa. Abin da manya suka ƙi taɓawa shi ne ƙananan 'yan kasuwa suka mayar abincinsu. Dabarar tasu ba ta da wuya: a duba abin da jaridu ke yayatawa, a samo suna mai jan hankali, a zana fasta mai razanarwa, sannan a nemi wanda zai haɗa fim ɗin cikin mako guda. Sau da yawa akan laƙaba wa fim ɗin rigar wa'azi, wai ana gargaɗin jama'a ne, don a tsere wa hukuma.

A 1948 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya tilasta wa manyan kamfanoni rabuwa da gidajen silimarsu. Ga talabijin kuma ta fara zaunar da iyaye a gida, aka bar silima ga samari da 'yan mata. Silimar fili, wadda ake kallo daga cikin mota, ta yaɗu har ta haura 4,000 a ƙarshen shekarun 1950, kuma kowacce tana buƙatar fim biyu a dare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsagar Ed Wood ya shiga.

Fim ɗin farko

A Disamban 1952 jaridun Amurka suka cika da labarin Christine Jorgensen, tsohon soja da ya je Denmark aka yi masa aikin canza jinsi. Wani furodusa mai suna George Weiss ya ga kuɗi a ƙasa, ya nemi wanda zai yi masa fim a kai tun labarin bai huce ba. Wood ya karɓi aikin, ya ɗauke shi cikin kwana huɗu, ya fito a 1953 da sunan Glen or Glenda.

Weiss abin kunya ya yi oda, amma abin da aka kawo masa daban. Wood yana da wani sirri da ya daɗe yana ɗauke da shi, wato son sanya kayan mata, sai ya juya fim ɗin ya koma labarin wani namiji mai wannan hali da ke tsoron gaya wa budurwar da zai aura. Shi da kansa ya fito a matsayin mutumin, da sunan aro Daniel Davis, budurwarsa ta gaske Dolores Fuller kuma ta fito a budurwar. Fim ɗin ya fito a hargitse, ga mafarkai, ga garken ɓauna na gudu ba gaira ba dalili, ga wani tsoho a kujera yana ta maganganun da ba a san inda suka dosa ba. Bai yi kasuwa ba. Ko me mutum zai ce game da halin da fim ɗin ya tattauna, abu ɗaya ba a musunsa: babu babban kamfanin da zai bar darakta ya tona cikinsa haka a 1953. Inda kuɗi ya yi kaɗan, masu sa ido ma kaɗan ne, kuma wannan shi ne amfani na farko na fim ɗin araha.

Shi da Bela Lugosi

Tsohon nan na kan kujera ba ƙaramin mutum ba ne. Bela Lugosi ke nan, ɗan asalin Hungari, wanda ya fito a Dracula, mai shan jinin nan, a fim ɗin 1931 da ya girgiza duniya. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Lokacin da Wood ya haɗu da shi a 1952, Lugosi ya kai shekara 70, manyan kamfanoni sun daina kiransa, ga talauci, ga allurar kashe zafin ciwo da ya fara sha saboda ciwon jijiyar ƙafa ta zame masa jaraba. Wood kuwa tun yana yaro yake kallonsa a majigi. Kowa tsohon da aka gama yayinsa yake gani, shi kuwa tauraro yake gani.

Ya rubuta masa fim ɗin Bride of the Monster, wato amaryar dodo, inda Lugosi ya fito a wani masanin kimiyya da ke neman ƙera mutane masu ƙarfin tsiya da makamashin nukiliya. An fara ɗauka a 1954, kuɗi suka ƙare, aiki ya tsaya. Wanda ya ceto shi wani mai sana'ar nama ne, Donald McCoy, bisa sharaɗin a ba ɗansa Tony matsayin jarumi. Wood bai yi gardama ba. Dodon fim ɗin wata dabbar teku ce mai hannuwa takwas da aka yi da roba, ba ta ko motsi, sai wanda ta kama ne yake jan hannuwan yana naɗe kansa da su yana ihu. Duk mai ido yana gani.

Amma a cikin wannan shirmen akwai wurin da 'yan kallo kan yi tsit. Masanin da Lugosi ya fito a matsayinsa yana ba da labarin yadda aka kore shi daga ƙasarsa, aka raba shi da iyalinsa, ya zama ba shi da gida. Lugosi kansa ya bar Hungari tun 1919 saboda siyasa, bai sake zama a can ba. Tsohon ya zuba duk abin da ya rage masa a wannan fitowar, kuma ita ce ta ƙarshe da aka ji muryarsa a babban fim. A Afrilun 1955 ya kai kansa asibiti don a raba shi da jarabar allura, ya yi wata uku ya fito. Ya mutu ranar 16 ga Agustan 1956 yana da shekara 73, aka binne shi da alkyabbar Dracula.

Har yau ana jayayya a kan wannan abota. Ɗan Lugosi ya tafi a kan cewa Wood ya ci da gumin mahaifinsa ne lokacin da ba shi da ƙarfin cewa a'a. Waɗanda suka yi aiki da su biyun kuma da yawansu sun shaida cewa ƙauna ce ta gaske. Ba mamaki duka biyun akwai gaskiya a ciki, don sana'ar ta gaji haka.

Fim ɗin da ya ja masa suna

Kafin Lugosi ya mutu, Wood ya ɗauke shi 'yan mintoci ba sauti: yana fitowa daga gida, yana tsaye a maƙabarta, yana buɗe alkyabba. A kan waɗannan 'yan mintocin ya gina fim guda. Kuɗin kuwa daga wurin da ba a zata suka fito. Mai kula da gidan hayar da yake zaune, J. Edward Reynolds, ɗan cocin Baftis ne na Beverly Hills, shi da 'yan uwansa suna da burin yin finafinan addini. Wood ya shawo kansu cewa su fara zuba kuɗi a fim ɗin ban tsoro, ribar sai ta ɗauki nauyin na addinin. Har baftisma aka yi wa Wood da wasu 'yan wasansa don ciniki ya faɗa. Sunan da ya fara sa wa fim ɗin yana nufin ɓarayin kabari daga sararin samaniya, daga baya aka canza shi zuwa Plan 9 from Outer Space.

An ɗauke shi a Nuwamban 1956 a kan kimanin dala 60,000. A wannan watan ne aka fara haska The Ten Commandments na Cecil B. DeMille, wanda ya ci dala miliyan 13, wato ninkin kuɗin Wood fiye da sau 200.

Labarin shi ne wasu halittu daga wata duniya sun zo suna tayar da matattu don su tilasta wa 'yan Adam sauraronsu, saboda suna tsoron mutum zai ƙera makamin da zai tarwatsa komai da kowa. Wuraren da Lugosi bai kai ga yi ba, sai Wood ya ɗauko Tom Mason, mai gyaran ƙashin baya da ke duba matarsa. Mason ya fi Lugosi tsawo, kuma ba su yi kama ba ko kaɗan, don haka ya yi fim ɗin gaba ɗaya yana rufe da fuska da alkyabba. Jiragen baƙin, masu siffar faranti, kayan wasan yara ne aka rataye da zare. Allunan kaburbura suna rawa in an gifta su. Ɗakin matuƙin jirgin sama kujeru biyu ne da labule. Mota za ta taso da rana tsaka, ta iso maƙabarta cikin dare, a juya kyamara kuma rana ta dawo.

Taron 'yan wasan ma abin kallo ne: Tor Johnson, ƙaton ɗan kokawa daga Suwidin mai nauyin harshe, Maila Nurmi, wadda aka sani da Vampira, da shirinta na talabijin ya mutu, da Criswell, wani mai duba na talabijin da ke buɗe fim ɗin da rufe shi. Duk mutanen da Holiwud ta ajiye a gefe ne. Wood ya tara su, ya ba kowa abin yi.

An yi haskawar gwaji a Maris ɗin 1957, fim ɗin ya yi fiye da shekara kafin ya samu mai rarraba shi, kuma Wood bai ci ribarsa ba. A 1961 aka sayar wa gidajen talabijin, suka riƙa cike gurbin tsakar dare da shi. A nan yaran Amurka da suka ƙi barci suka gan shi, kuma ba su manta ba.

Gangara

Fim ɗinsa na gaba, Night of the Ghouls, ya kammala shi amma ya kasa biyan kuɗin kamfanin wanke fim, aka riƙe shi. Bai fito ba sai 1984, shekara shida bayan mutuwar mai shi. Bayan The Sinister Urge na 1960 ƙofofi suka rufe. Kasuwar araha ta koma ta tsiraici, Wood ya bi ta don ya ci abinci. Ya rubuta littattafan batsa da na ta'addanci aƙalla 80 daga 1963, yawancinsu da sunayen aro, ya kuma sa hannu a finafinan batsa. Yana da saurin bugun tafireta, amma abin da ya samu giya ke cinyewa. Shi da matarsa Kathy suka riƙa tashi daga wannan gidan haya zuwa wancan, kowanne ya fi na baya lalacewa.

Ranar 7 ga Disamban 1978 aka fitar da su daga ɗakinsu na titin Yucca a Holiwud saboda bashin haya. Wani abokinsa ɗan wasa, Peter Coe, ya ba su masauki. Kwana uku bayan nan, ranar 10 ga wata, zuciyar Wood ta buga yana da shekara 54. Aka ƙone gawarsa aka watsa tokar a teku. Kathy ba ta sake aure ba har ta mutu a 2006.

Tashi bayan mutuwa

A 1980 wasu 'yan uwa biyu, Harry da Michael Medved, suka fitar da littafin The Golden Turkey Awards, inda suke raba kyaututtukan ba'a ga finafinan da suka fi muni. Plan 9 ya zo na ɗaya, Wood kuma ya zama daraktan da ya fi kowa rashin iyawa. Jama'a suka ce bari mu ga wannan abin da ido. Gidajen silima suka fara haska finafinansa da tsakar dare, ɗalibai suna cika wuri, ga kaset ɗin bidiyo ya shigo ya kai su gida gida.

An zo dariya ne, kuma an yi ta. Amma mugun fim na gaske gundura yake sa wa, a kalla sau ɗaya a watsar. Na Wood kuwa ana komawa. A 1992 Rudolph Grey ya fitar da tarihin rayuwarsa daga bakin waɗanda suka san shi, mai suna Nightmare of Ecstasy. A 1994 darakta Tim Burton ya mayar da shi fim mai suna Ed Wood, Johnny Depp ya fito a Wood, Martin Landau ya fito a Lugosi. Fim ɗin ya ci dala miliyan 18, kuɗin da a lissafin ƙidaya za su yi Plan 9 sau 300. Shi ma bai mayar da kuɗinsa a silima ba, amma ya ci kyautar Oscar biyu: ɗaya ta Landau, ɗaya ta masu kwalliya. Kyautar da Lugosi bai taɓa samu ba, wanda ya kwaikwaye shi ya ɗauka.

Me ake gani a irin waɗannan finafinai?

Babban fim yana bi ta hannu ɗari kafin ya iso ga mai kallo, kowane hannu yana goge wani abu, har a rasa na wane ne. Fim ɗin araha ba shi da kuɗin gogewa. Zaren da ke riƙe da jirgi a fili yake, haka ma zuciyar wanda ya rataye shi. Wood bai taɓa yin fim da nufin a yi masa dariya ba. Ya yarda da kowane layi da ya rubuta, kuma mai kallo yana jin haka. Shi ya sa waɗanda suke yin mugun fim da gangan don su yi suna irin nasa ba sa kai labari.

Sannan akwai abin da ake faɗa a ƙarƙashin shirmen. A tsakiyar yaƙin cacar baka, lokacin da Amurka ke gwajin bama-baman nukiliya a hamadar Nevada, Plan 9 ya sa baƙo daga sama ya tsaya gaban hafsan sojan Amurka yana gaya masa cewa ɗan Adam ya ƙera abin da hankalinsa bai kai ya riƙe ba, kuma gwamnati tana ɓoye wa jama'a gaskiya. Da yake ba wanda ya ɗauki fim ɗin da muhimmanci, ba wanda ya hana.

Wannan 'yancin ne wasu da suka fi Wood gwaninta suka yi amfani da shi. George Romero ya yi Night of the Living Dead a 1968 da kimanin dala 114,000, ya ba baƙar fata Duane Jones jagorancin fim ɗin a lokacin da hakan ba kasafai ake yi ba, kuma a 1999 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ƙasa za ta adana. Roger Corman, sarkin masu fim ɗin araha, a wurinsa Francis Ford Coppola, Martin Scorsese da James Cameron suka yi aiki tun ba a san su ba. Inda ba a tsoron asarar miliyoyi, a nan ake barin sabon hannu ya gwada.

Ba a ce kasuwar tsarkakakkiya ba ce. Ta ci gumin mata da yawa, ta sayar da ƙarya a fasta, ta bar ma'aikata ba biya, kuma mafi yawan abin da ta fitar shara ne da ya cancanci a manta. Shi kansa Wood ta tsotse shi ta yar. Bai iya tsara magana ba, bai iya haɗa hoto ba, ba ya kuma son sake ɗauka in an yi kuskure, ko don ba kuɗin fim ko don a idonsa komai ya yi kyau. Abin da ya iya shi ne fara abu da hannu wofi ya kuma kai shi ƙarshe. Tsakanin 1953 da 1960 ya rubuta kuma ya ba da umarnin finafinai shida, babu babban kamfani a bayansa, babu jari, sai mai nama da 'yan coci da abokan da duniya ta gama da su. Dubban mutane sun je Holiwud a shekarar da ya je, da yawansu sun fi shi basira, suka koma gida ba su ɗauki ko minti ɗaya ba. Shi kam ya bar abin da za a kalla, kuma ana kan kallo.